Goblin ya raba ni da abokina a teburin mai shayi

Assalamu alaikum Malam Edita, dan Allah a ɗan ba ni fili.

Mu nan ƙauyenmu a ƙasar Ringim sai ka hau tudun bayan firamare kake samun sabis, to a nan ni da abokina muke karanta wani labarin zane na intanet wai shi The Order of the Stick, wanda wani Ba'amurke Rich Burlew ya fara tun 2003. Zanen ma abin dariya ne, kai kamar ƙwallo, hannu da ƙafa kamar tsinken tsintsiya. Da farko tsokanar dokokin wasan Dungeons & Dragons kawai yake yi, wasan nan da sai an jefa ɗan ludo ake sanin ko saran takobinka ya samu.

Yanzu mun raba gari. Shi cewa yake an yaudare shi, dariya ya zo nema aka ɓige da wa'azi, wai in tunani yake so ai kuɗin taki ma ya ishe shi, ba sai ya ƙona data ba.

Ni kam ban yarda ba. A wasan, su jinsin goblin, wato wasu ƙananan dodanni, haka kawai aka rubuta musu miyagu ne, ka kashe ka samu maki, mu ma ana karkashe su muna ta ƙyaƙyatawa ko a jikinmu, sai daga baya marubucin ya koma ya nuna mana asalin Redcloak, wani goblin daga cikin manyan miyagun labarin, yadda mayaƙan da ake wa kallon na kirki suka afka wa ƙauyensu suka hallaka danginsa a kan idonsa. Kuma bai wanke shi ba fa, mugu ne har gobe, ƙaninsa ma da hannunsa ya kashe shi. Amma wallahi dariyar da na sha a baya sai da ta tsaya min a wuya.

Daminar bana shanu suka yi wa wani maƙwabcinmu ɓarna a gonar gero, a majalisa aka ce ai makiyaya duk halinsu ɗaya, har da ni a masu gyaɗa kai, alhali tun ina yaro innar da ke kawo mana nono daga ruga ko sau ɗaya ba ta taɓa cutar mu ba. Da na faɗa wa mutumin nawa haka sai ya ce haba malam, ina ruwan goblin da gonar gero, kuma tunda ni na tsawaita zancen har shayinsa ya huce ni zan biya.

Naku,
Wani mai karatu daga ƙasar Ringim, Jigawa