Wasiƙar Ƙarshen Zango: Keken Jarirai a Jiragen Ƙasa da Bas-bas na Faris, ga Masu Zuwa Disneyland

Assalamu alaikum warahmatullah, iyayenmu maza da mata da masu riƙon yara.

Zango na uku ya ƙare lafiya, alhamdulillah. Sakamakon jarrabawa da aikin hutu da ranar komawa duk suna cikin ambulan da aka ba kowane yaro, don Allah a duba jakunkunansu.

Sauran wasiƙar mun ware ta ne ga tambayar da iyayen 'yan nazire suka yi ta maimaitawa a taron iyaye da malamai. Akwai iyalan da za su kai yara Disneyland ta Faransa, wato babban wurin wasan yara da ke kusa da Faris, a wannan dogon hutu, suna son sanin ko su tafi da keken jarirai ko su bar shi a gida, da kuma yadda ake shiga jirgin ƙasa da bas da shi. Shawararmu ita ce a tafi da shi, amma ya zama wanda mutum ɗaya zai iya naɗewa ya ɗauka da hannu guda, kuma kada a kuskura a bar zanin goyo da majanyi. A Faris wahalar keke ba a cikin jirgi take ba, a matakala take. Uwar da za ta iya goya yaro cikin minti ɗaya, maigida ya rataya keke a kafaɗa, ta fi ƙarfin rabin matsalar.

Wane irin keke?

A nemi mai nauyin kilo 6 zuwa 7, faɗinsa kada ya wuce santimita 55, yana da igiyar ratayawa, kuma bayan kujerarsa na kwantawa don barci. A duba takardar da ke manne da ƙarfensa: wasu an yi su don yaro mai kilo 15, wasu har kilo 22. Ɗan shekara huɗu da aka ɗora a na kilo 15 shi ke sa tayoyin gaba su fara karkarwa, birki ya daina kamawa. Jaririn da bai kai wata shida ba sai a keken da ke shimfiɗuwa sosai, domin wuyansa bai yi ƙwarin zama ba. Masu tagwaye ko yara biyu a jere, keke mai kujeru biyu gefe da gefe yakan kai santimita 75, ba ya wuce ƙananan ƙofofin tikiti, kuma ɗaukarsa a matakala sai mutum biyu. Ya fi sauƙi a tura babba a goya ƙarami.

Tun a gida a gwada naɗewa da buɗewa har hannu ya saba, uwa da uba da duk wanda za a tafi da shi. Bakin ƙofar jirgi ba wurin koyo ba ne. A tambayi kamfanin jirgin sama ko zai bari a shiga da keken ciki. In an karɓe shi a ƙofar jirgi, sau da yawa ba a sake ganinsa sai a wurin ɗaukar manyan kaya, kuma daga inda aka sauka zuwa can tafiya ce mai tsawo a filin Charles de Gaulle. Nan ne goyo zai fara aiki.

Hanyar zuwa wurin

An buɗe Disneyland ta Faris a ranar 12 ga Afrilu 1992, a Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da tsakiyar birnin. Tashar jirgin ƙasa mai suna Marne-la-Vallée–Chessy tana bakin ƙofa, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa. Wanda zai wuce can kai tsaye daga filin jirgin sama na Charles de Gaulle, jirgin TGV mai gudu yana tashi daga tashar da ke Terminal 2, ya isa cikin kamar minti 10. Sai an sayi tikiti mai lambar kujera, kuma dole a naɗe keke a sa shi wurin akwatuna, don haka a cire yaro a naɗe tun jirgin bai iso ba. Tsayuwarsa gajeriya ce.

Wanda ya sauka a cikin gari kuwa, jirginsa shi ne RER A, jan layi a taswira. Daga Châtelet–Les Halles tafiyar kimanin minti 40 ce, kuma ana iya hawansa a Charles de Gaulle–Étoile (tasha ce a cikin gari, ba filin jirgin sama ba), Auber, Gare de Lyon ko Nation. A nan baƙi suka fi yin kuskure: bayan Vincennes layin ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Boissy-Saint-Léger, ɗayan Marne-la-Vallée. Ko a reshen daidai ma wasu jiragen a Torcy suke ƙarewa. A dubi allon da ke saman dandamali a tabbatar sunan tashar yana cikin waɗanda jirgin zai tsaya. Kowane jirgi yana da suna mai haruffa huɗu a goshinsa, wanda ya fara da Q shi ke kaiwa har Chessy. Hawa jirgin da ba shi ba yana nufin sauka, neman lif, tsallakawa ɗaya gefen, da yaro yana kuka.

Jiragen wannan layi masu hawa biyu ne. Da an shiga ƙofa akwai fili kamar zaure, daga nan matakala ta hau sama, wata ta gangara ƙasa. Mai keke a nan zauren zai tsaya. A matsa gefe don kada a tare masu fita, a taka birki, a bar yaro a ɗaure, hannu ɗaya a kan keke ɗaya a kan sandar riƙewa. Manyan yara su zauna a inda ido ke ganinsu, kada su hau sama su kaɗai.

Tashoshin RER A suna da lif. Metiro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa na cikin gari, labarinsa daban ne. Layinsa na farko tun 1900 aka buɗe shi, kuma yawancin tashoshinsa matakala ce zalla: a sauka, a bi dogon lungu, a sake hawa, a sake sauka. Layi na 14 ne kawai, wanda ya fara aiki a 1998, ke da lif a kowace tasha. Tun watan Yuni 2024 yana kaiwa har filin jirgin sama na Orly, kuma yana haɗuwa da RER A a Châtelet da Gare de Lyon. Saboda haka in ana neman masauki, a fifita wanda ke kusa da tashar RER A ko ta layi na 14, ko da ya ɗan fi tsada. In manhajar waya ta nuna hanyar da ta fi sauri da minti biyar amma akwai canjin metiro biyu, a bar ta, a bi mai lif. Manhajojin Bonjour RATP da Île-de-France Mobilités suna nuna gyare-gyaren da ake yi a layuka, abin da ya yawaita a watannin Yuli da Agusta. A duba da daddare kafin a kwanta. Kalmar da za a nema a allunan tasha ita ce ascenseur, wato lif.

Lif kan lalace. In haka ta faru, a cire yaro a goya shi, a naɗe keke, sannan a hau matakala. Muna roƙon iyaye da babbar murya kada a hau matakalar lantarki da yaro a cikin keke. Tayoyi biyu ne kawai ke samun wurin tsayawa, nauyin duka ya koma hannun mutum ɗaya, kuma a ƙarshen matakalar ƙaramar taya kan maƙale a bakin ƙarfe alhali mutanen baya na ci gaba da tahowa.

Batun tikiti: yaron da bai kai shekara 4 ba kyauta ne, daga 4 zuwa 9 rabin kuɗi. Daga 1 ga Janairu 2025 aka mayar da tikitin metiro da RER kuɗi ɗaya, yuro 2.50 a shekarar 2025, ko ina za a je a yankin, ban da filayen jiragen sama. Akan ɗan ƙara a farkon shekara. Tikitin bas daban yake, na jirgi ba ya aiki a bas. Ana loda su a katin Navigo Easy, kowane mutum da nasa, kuma a RER sai an sake taɓa kati wajen fita. Kada a tura keke ta ƙaramar ƙofa: fika-fikanta kan rufe tsakanin keke da mai turawa. Akwai ƙofa mai faɗi, yawanci kusa da tagar ma'aikata. In a rufe take, a danna maɓallin kira.

A bakin jirgi

Wannan ne wurin da ya fi damunmu. A tsayar da keke a jere da layin dogo, gefensa na kallon jirgi, kada tayoyin gaba su fuskanci ramin. Dandamali da yawa suna da ɗan gangare don ruwa ya zurare, jirgi mai shigowa kuma yana zuwa da iska. A taka birki duk lokacin da aka tsaya, ko da don a ciro kati ne daga jaka. Wajen shiga, a bar masu fita su gama, a danne hannun keke tayoyin gaba su ɗaga, a ɗora su cikin jirgi, sannan a ɗaga na baya. Wajen sauka a fito da baya: babba ya fara taka ƙasa, ya jawo keken. Dalili shi ne tayoyin gaba ƙanana ne kuma suna juyawa, in suka juya a daidai ratar da ke tsakanin jirgi da dandamali sai su faɗa ciki, keke ya tuntsura gaba. Mai keken da tayoyinsa ke da makulli ya kulle su tun kafin jirgi ya iso. In ƙarar rufe ƙofa ta fara, a haƙura da wannan jirgin. Kada a taɓa tura keke don a tare ƙofa.

A shirya tun farko wa zai riƙe wa: ɗaya da keke, ɗaya da hannun manyan yara, shi ne zai fara shiga da su. A gaya wa duk yaron da ya yi wayo cewa in ƙofa ta raba shi da iyayensa ya tsaya a inda yake, kada ya bi jirgi. A sa masa takarda a aljihu mai lambar wayar da ke aiki a Faransa. Lambar gaggawa ita ce 112, ta cikin jirgi da tasha kuma 3117.

Kada a rataya manyan jakunkuna a hannun keke. Muddin yaro na zaune ba za a lura ba, yana tashi keken zai kife ta baya. Kwandon ƙasa na kaya marasa nauyi ne, kuma duk a cikin jaka ɗaya da za a iya zarewa lokaci guda in naɗewa ta kama. Fasfo da kuɗi da waya su zauna a jikin mutum, domin 'yan sane sun san hankalin mai keke a rabe yake.

A bas ɗin cikin gari ana barin keke a buɗe a filin da ke daidai ƙofar tsakiya, amma biyu kawai ake ɗauka. A juya bayan yaro ga inda bas ta dosa, a taka birki, sannan a je a taɓa kati. Filin asali na masu keken guragu ne. In ɗayansu ya zo, a naɗe namu ba tare da an roƙe mu ba. Bas-bas ɗin otal da ke kai baƙi bakin tasha sukan cika maƙil da safe da kuma bayan an tashi, a je musu da keke a naɗe.

Cikin wurin wasan

Yaron da bai kai shekara 3 ba kyauta yake shiga. Ba a bin layin wasanni da keke. Ana ajiye shi a wuraren da aka ware, ma'aikata kuma kan matsar da kekuna don su gyara jeri. A ɗaura masa ƙyallen atamfa mai haske a hannu, za a hango shi daga nesa. A titin Main Street akwai layin dogon tarago da doki ke ja, ƙananan tayoyi na faɗawa cikinsa. A tsallake shi kai tsaye, kada a bi tsawonsa. A ƙarshen titin, kusa da gidan abinci na Plaza Gardens, akwai ɗakin shayarwa da canza wa jarirai ƙunzugu. Ana ba da hayar kekuna kusa da ƙofar shiga, sai dai ba sa kwantawa, ba su dace da jariri ba, kuma a can ake barin su, alhali lokacin da aka fi bukatar keke shi ne hanyar komawa masauki da yaro mai barci. In rana ta yi zafi, kada a lulluɓe keke da zani ko mayafi: iska ba ta shiga, zafi na taruwa a ciki. A buɗe rumfarsa, a nemi inuwa, a yawaita ba da ruwa. A tafi da ledar ruwan sama ta keken, don hadarin can ba ya ba da sanarwa mai tsawo.

A watan Yuli rana ba ta faɗuwa a Faris sai bayan ƙarfe 9 na dare, don haka magariba da wasan wutar rufewa duk sukan zo a makare, jama'a kuma su ɗunguma tasha lokaci guda. Chessy ita ce farkon layi, babu kowa a cikin jirgi lokacin da ake fara shiga. In na farko ya cika, a ja gefe nesa da bakin dandamali a jira na biyu, a taka zuwa ƙarshen jirgin inda ba a cika cunkoso ba. Jirgin ƙarshe wajen sha biyun dare yake tashi, a duba ainihin lokacinsa tun da rana. Masu jarirai ƙanana, mun fi so su fito minti 30 kafin a tashi.

Duk mai ƙarin tambaya ya tuntuɓi ofishin sashen nazire kafin a rufe makaranta. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku da yaran lafiya.

Wassalam,
Hukumar Makaranta da Kwamitin Iyaye da Malamai