Ta miƙa mini wayar shago

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ka yi shiru, na yi shiru, har abin ya fara ba ni kunya. Ya iyali? Ya gwiwar nan taka, har yanzu matakala kake ɗora wa laifi?

Ni dai nan ba kanta. Yarinyar nan da ke riƙe mana saƙonnin kwastomomi a shagonmu na intanet ta ajiye aiki. Ka gane ta ai, wadda ka ce ta fi ni sanin kasuwancina, na yi kwana biyu ina jin haushinka. To gaskiyarka, kada ka fasa kai. Shekara uku muna tare. Ita ta san mai yin oda ya fasa bayan ɗan aike ya isa ƙofarsa, ita ke hango hoton da zai sa a dawo mana da kaya don launinsa ya fi na zahiri haske. Duk a kanta yake, ko layi ɗaya ba mu rubuta ba. Ranar Litinin ta miƙa mini wayar shago, cajar a naɗe tsaf da roba, da 'yar takarda mai lambobin sirri.

Nan take na ce zan ƙara mata albashi. Ta yi murmushi ta ce, "Oga, ba maganar kuɗi ba ce." Sai ta buɗe wayar ta nuna mini wani saƙo na ƙarfe ɗaya da kwata na dare, mutum yana cigiyar kayansa, ga amsarta a ƙasa bayan minti biyu. Ta ce shagon intanet ba shi da ƙofar rufewa, ita ce ta koma maigadi. Abin da ya fi ci mata rai kuwa, duk daɗewarta ba ta isa ta mayar wa kwastoma kuɗinsa ba sai ta kira ni, ka kuwa san ni da ɗaukar waya. Kafin in ɗauka ta sha zagi ta ƙoshi.

A daren na tuna musunmu kan Zappos, masu sayar da takalman nan na Amurka da Amazon, babban kamfanin ciniki ta intanet, ta saya a 2009. A wancan lokacin, sabon ma'aikaci yana cikin horo akan yi masa tayin kuɗi, dala 2,000, ya tafi in zuciyarsa ba ta wurin. Ka ce hauka ce, na ce dabara ce. Ashe ni ma labarin kuɗin kawai na riƙe. A lokacin, masu amsa wayarsu ba a ƙidaya musu minti, ba a ba su rubutun hadda, kuma an sakar musu mara su warware matsalar kwastoma da kansu. Ita kuwa Amazon ta kai mafi ƙarancin albashi dala 15 a awa a 2018, amma a 2021 jaridar New York Times ta ruwaito cewa ma'aikatan ma'ajiyarta na barin aiki da kusan kashi 150 cikin ɗari a shekara, wato masu tafiya a shekara sun fi yawan ma'aikatan da ke wurin.

Saura min samari biyu, ɗayan ma na ga take-takensa. Na raba musu lokaci, goma na yi waya ta koma amsa da kanta. Na yanka musu iyakar kuɗin da za su mayar ba sai sun neme ni ba, hannuna yana rawa. Na sayi littafi, kowa ya rubuta abin da ya sani. Kai ta yaya ka riƙe yaron kwamfutarka har shekara biyar? Na san dai ba don kyautarka ba ne.

Af, ka ji angonmu ya sake sayen mota? Kwana uku ta yi ta mutu masa a ƙofar surukai, aka taru ana turi, shi yana ciki da babbar riga yana ba da umarni. Uwargida tana gaishe ka, ta ce a tuna maka akwatinta da ka ara bara, har da makullin.

Naka har kullum.