Ƙorafi Ga Kamfanin Rarraba Iskar Gas Kan Yoyon Bututun Da Ba A Aunawa

Zuwa ga Babban Manaja,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Ƙorafina a kan yadda kamfaninku ke lissafin gas ɗin da ke zurarewa daga bututun da kuka binne a ƙarƙashin tituna ne. Alƙaluman da kuke fitarwa ƙiyasin ofis ne kawai: a ɗauki tsawon bututu, a ninka shi da wani adadi da aka tsayar tun da daɗewa, a ce ga asarar shekara.

Inda aka fita aka auna, abin da aka tarar ya wuce haka. A Boston ta Amurka, masu bincike sun ɗora na'ura a mota suka bi titunan birnin ɗaya bayan ɗaya, kuma sakamakon da suka fitar a 2013 ya nuna wuraren yoyo 3,356. Da aka yi irinsa a Washinton, sakamakon da aka fitar a 2014 ya nuna 5,893. Wani binciken na 2015 da ya auna iskar sararin Boston ya gano cewa asarar ta ninka ƙiyasin hukuma sau biyu zuwa uku. Me zai sa mu yarda cewa naku tsofaffin bututun sun fi nasu lafiya?

A layinmu an daɗe ana jin warin gas. Da muka kai kuka, ma'aikacinku ya zo ya huda ƙasa, ya zura bakin na'ura, ta yi ƙara, ya fesa fenti a wurin ya ce mana ba mai haɗari ba ne. Bishiyar da ke wurin tuni ta bushe daga sama, domin gas ya kore iskar da saiwarta ke shaƙa. Na gane ma'auninsa: metan, wato babban sinadarin da ke cikin gas ɗin, ba ya kama wuta sai ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iska, don haka yoyon da ke fili ba ya tsorata ku. Amma a tsawon shekara 20, ɗumama duniyar da metan ke yi ya ninka na iskar kabon mai nauyi ɗaya da shi fiye da sau 80. Ga shi kuma kuɗin gas ɗin da ya bi iska a kanmu yake ƙarewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gyaran ba ya buƙatar tone gari duka. Binciken 2016 a Boston ya nuna kashi 7 cikin 100 na wuraren yoyon da aka auna su ke fitar da rabin gas ɗin. Wanda bai auna ba, ta yaya zai san waɗanne ne?

Ina roƙonku ku zaga da motar awo kowace shekara, ku auna yawan abin da kowane wuri ke fitarwa, ku buga taswirar kowa ya gani tare da ranar gyara, ku fara da manyan. Ina jiran amsarku a rubuce.

Naku,
Wani mai biyan kuɗin gas ɗinku