Zuwa ga Babana a Kazan

Babana,

Assalamu alaikum. Duk muna lafiya, ƙafar Ummanka ma ta yi sauƙi. Na ji ka ci jarrabawar Rashanci ta TRKI mataki na biyu, Allah ya ƙara basira. Na san gumin da ake yi kafin a kai nan. Da na sauka Kharkov ta Ukraine a 1984, zamanin Tarayyar Soviet, shekara guda cur muka yi a podfak, wato ajin share fage, muna haddar padej shida, wato sauye-sauyen ƙarshen suna a nahawun Rashanci, kamar 'yan makarantar allo, amma har na dawo gida ban daina rikita idti da hodit, kalmominsu biyu na tafiya da ƙafa, ba.

Sai dai ba murna ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Ɗan gwaggonka ya tsegunta wa Ummanka, ita kuma ta kasa riƙewa, wai wani ya yi maka tayin aikin tafinta, albashi mai tsoka, amma sai ka sa hannu a takarda tukuna. Tun daren nan barcina rabi da rabi ne.

Rashar da kake zaune tana yaƙi da Ukraine tun Fabrairun 2022. A Janairun 2024 Putin ya sa hannu a dokar da ta buɗe wa baƙo hanyar zama ɗan ƙasa in ya yi kwantiragin shekara guda da soja. Da irin wannan ƙugiya aka kamo 'ya'yan mutane daga Nepal da Indiya da ƙasashenmu na Afirka. A ce wa yaro gadi ne ko tuƙi, kafin ya ankara yana bakin daga. Kai kuwa ka fi su shiga haɗari, saboda kana jin yaren. Wanda bai iya ba tsoro zai sa ya nemi mai karanta masa. Kai cewa za ka yi ka gane. To, Rashancin aji daban, na takardar hukuma daban. Jimla ɗaya sai ta ci rabin shafi, ka kai ƙarshe ka manta wa ke bin wa. Kalma guda, obyazuyus, wato na ɗaure kaina, ta isa ta raba mu da kai. Ni da na yi shekara shida a can, har yau irin wannan takarda sai na karanta ta sau uku.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a bakin wani na ji. Na mutu ne? Kowace Lahadi muna waya, ka yi ta ba ni labarin dusar ƙanƙara da tsadar albasa, wannan kuwa ka binne. Yaushe ka girma har haka?

Na sani, ni na tura ka. Baffanka ya so ka yi lauya, na tsaya kai da fata, har filin bayan tasha ya tafi. Ban yi nadama ba. Da yaren nan na ciyar da ku shekarun da nake tafinta tsakanin injiniyoyin Rasha da ma'aikatanmu a kamfanin ƙarfe na Ajakuta. Amma ban tura ka don a ba ka bindiga a nuna maka Kharkov ba, garin da wata tsohuwa ta saƙa mini safar ulu da hannunta don ta ga ina rawar ɗari.

Kada ka ba kowa fasfonka. Duk takardar da aka miƙo maka, ɗauki hotonta ka turo mini kafin biro ya taɓa ta. In kuɗi ne suka yanke, faɗa mini, ba abin kunya ba ne tsakanin ɗa da uba, za mu san yadda muka yi.

Ka riƙa zuwa Juma'a a masallacin Kul Sharif ko da sanyi ya kai ina. Ummanka ta haɗa maka yaji da kuka, muna neman mai tafiya. Ka kira ni daren da wannan ta same ka.

Mahaifinka.