A faɗa mana ranar da ruwan Oyan zai iso Kara

Ya Edita, assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan kogin Ogun, domin mu 'yan Arewa da ke neman abinci a kasuwar shanu ta Kara da Mile 12 da Agiliti a yankin Legas shi ne maƙwabcinmu, ko muna so ko ba ma so.

Duk shekarar da damina ta yi ƙarfi, wajen Satumba zuwa Oktoba sai an saki ruwa daga dam ɗin Oyan da ke kusa da Abeokuta ya gangaro mana ta kogin Ogun, kuma ni ban ga laifin sakin ba, ɓallewar dam ɗin Alau da ta jawo ambaliyar Maiduguri a 2024 ai ta ishe mu ishara. Inda gizo ke saƙa shi ne gargaɗin yakan iso mana a dunƙule, wai na bakin kogi su tashi. To su tashi yaushe, ruwan iya gwiwa zai tsaya ko sai ya kai ƙirji? Mai shanu hamsin ba ya tashi haka kawai, sai ya nemi tirela, ya nemi inda zai sauke, ya tanadi dusa, in kuma ruwan bai zo ba ya yi asara, baɗi ko an yi shela ba zai motsa ba.

Alhali akwai manhajojin kwamfuta da aka yi don wannan aikin. Akwai SWAT da masu bincike na ma'aikatar noma ta Amurka suka samar, kyauta ma ake saukewa, ana zuba mata taswirar tudu da kwari na duk yankin da ruwansa ke gangarowa kogin, da irin ƙasar wurin, gona ce ko daji ko siminti, da ruwan saman kowace rana, sai ta lissafa nawa ƙasa ta shanye nawa ya ƙafe nawa ya faɗa kogi. Wata kuma HEC-RAS ta injiniyoyin sojan Amurka, ita ke nuna inda ruwa zai malala da zurfinsa. Hukumar NIHSA mai sa ido kan ruwan kogunan Najeriya na fitar da hasashen ambaliya duk shekara, madalla, amma ɗan kasuwa nasa layin yake son ji.

Sannan ba yawan ruwa kaɗai ba, har da tsaftarsa. SWAT na bin sawun laka da takin zamani da ƙwayoyin cuta. A nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya, jini da kashin shanu da wankin tumbi da ke sauka kogi daga mayanka namu ne, kuma in ambaliya ta zo cikin rijiyoyin unguwa take kai su. Ba mu manta kwalarar 2024 a Legas ba. Matatun ruwa na Iju da Adiyan ma daga wannan kogin suke ɗiba.

Amma fa kwamfuta ba boka ba ce, abin da aka ba ta shi take taunawa. Sai an kafa ma'aunin tsayin ruwa a kan gadoji ana karantawa kullum, ana ɗibar ruwa ana kaiwa gwaji, sannan lissafinta zai dace da abin da ke ƙasa. Roƙona ga gwamnatocin Legas da Ogun su haɗa kai su sa kuɗi a nan, sakamakon kuma a miƙa wa sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da Hausa da Yarbanci, ko ta saƙon murya a WhatsApp ne, da sunan unguwa da ranar da ake sa ran ruwan.

Naka,
Wani ɗan kasuwa daga Mile 12, Legas