Noman ganye cikin kabad ba tare da ƙasa ba

Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in yi wa mazauna gidajen haya, waɗanda ba su da ko taku ɗaya na fili, bayanin yadda ake noma latas da na'a-na'a a cikin kabad ɗin katako, wanda baƙo zai ɗauka na tufafi ne.

Ana shafe cikinsa da farin fenti domin haske ya wadatu, a rataye fitilar LED da za ta riƙa ci sa'o'i 14 zuwa 16 a kullum, sannan a huda sama da ƙasa, a sa ƙaramar fanka mai fitar da zafi. Saiwoyin suna zama ne cikin ruwan da aka narkar da takin musamman, kuma dole mazubin ya zama baƙi mai murfi, domin idan haske ya shiga, gansakuka za ta cinye abincin shukar.

A ganina, hanyar da ta fi dacewa da mu ita ce ta Kratky, wani masani na Jami'ar Hawaii a Amurka, saboda ba ta buƙatar famfo: yayin da ruwan ke raguwa, saiwoyin sama suna shaƙar iska daga gurbin da ya bari. Fitilar kuwa sai an haɗa ta da sola, tunda kowa ya san halin wutarmu. Babbar matsalar ita ce zafin bazara, wanda ke ɗumama ruwan har saiwa ta ruɓe, don haka ni da hunturu nake shukawa, in tsinki latas bayan kamar mako 6.

Naku,
Wani makaranci daga Kano