Kanikawa, ku duba hanyar hayaƙi kafin ku toshe bawul ɗin EGR

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin kanikawanmu na karkara a kan wata matsalar inji da ake yi wa gyaran ganin ido.

Kwanakin baya motata, Honda Accord ƙirar 2001, ta kunna wutar gargaɗin inji, kuma duk sanda na taka mai da kaya a baya a hanyar Ringim zuwa kasuwar Gujungu, sai inji ya riƙa ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Bakanike na farko ya ɗora laifin a kan gurɓataccen fetur, na biyu kuwa cewa ya yi a cire ƙwan wutar kowa ya huta. Sai da na shiga Kano aka jona mata kwamfuta, ta nuna lamba P0401, wato hayaƙin da ya kamata ya koma cikin inji ba ya isa.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa mayar da hayaƙi cikin inji cuta ce, alhali kuwa aikin bawul ɗin EGR shi ne ya debo ɗan kaɗan daga hayaƙin salansa ya haɗa shi da iskar da inji yake zuƙa, domin zafin ƙonewar mai ya ragu, iskar gubar da mota take fitarwa ma ta ragu. Idan hanyar ta toshe, zafi yakan ƙaru har fetur ya kama kafin lokacinsa, ƙarar da na ji ke nan, kuma idan aka daɗe a haka fistin ne zai ɗanɗana kuɗarsa.

A gabana aka kwance manifol, wato bututun da ke raba wa inji iska, na ga ramin da hayaƙin yake bi ya cushe da baƙar dauɗa ƙeƙasasshiya kamar gawayi, har tsinke ba ya shiga. Da waya da maganin wanke kabireta aka buɗe shi, aka sa sabon gasket, bawul ɗin kuwa lafiyarsa ƙalau, ban taka kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa neman sabo ba. A tsofaffin Camry waɗanda bawul ɗinsu yake aiki da zuƙar iska, tiyon roba da ya tsage ma yakan jawo wannan lamba.

Abin da ya fi damuna shi ne masu yanka ƙarfe su toshe bawul ɗin gaba ɗaya. Ina kira ga shugabannin ƙungiyar kanikawa a Ringim, Taura da Garki da su haɗa kuɗi su sayi na'urar karanta lambar inji ko da guda ɗaya ce a kowane gareji, su kuma koya wa yaransu amfani da ita.

Naka,
Wani malamin makaranta,
daga karkarar Ringim, Jihar Jigawa.